Tayar keke mai tsalle, da inda ake ƙera kekuna masu araha

Ɗan'uwa wannan tsallen da ka ce tayar na yi in kana tafiya, bakinta ne bai hau rim daidai ba. Sace iskar duka, shafa ruwan sabulu a gefen, ka duba kar tub ya maƙale musamman wajen bawul, sai ka riƙa ba ta iska kaɗan kaɗan kana juyawa, akwai wani siririn layi a jikin tayar, so ake ya fito daidai ko'ina. Don Allah kar ka wuce iskar da aka rubuta a jikinta.

Kekuna masu araha da ka tambaya kuwa, Phoenix daga Shanghai a China yake, Hero kuma Ludhiana a Indiya tun 1956, wasu kekunan kuma sunan kamfani kawai ake manna musu.