Ƙanwata, kar ki sayi takin nan tukuna

Assalamu alaikum ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Na karanta tambayarki. Kin ce a watan Afrilu kika shuka tumatir da salati da karas a tsakar gidanki nan Tahoua, salatin ya miƙe ya yi ɗaci, karas ko fitowa bai yi ba, tumatir kuwa ya yi ganye shar, ya yi fure, amma furen sai zubewa yake, ba ɗa ko guda. Kina son sanin takin da za ki saya, da kuma itacen marmarin da ya dace da ƙaramin gida. Na ga wasu sun ce ki sa NPK, wasu sun ce yuriya. Don Allah ki riƙe kuɗinki tukuna.

Zafi ne ya ci shukarki, ba yunwa ba. A garin nan Afrilu da Mayu rana tana wuce digiri 40, dare ma ba ya hucewa. Shi furen tumatir, da zarar zafi ya haura 35 kuma dare bai yi sanyi ba, ƙurar da ke cikinsa mai sa shi ɗaukar 'ya'ya lalacewa take, sai ki ga wuyan furen ya yi rawaya ya faɗi. Ki zuba masa yuriya, ganye kawai zai ƙara. Salati in ya sha zafi sauri yake ya yi tozo ya fid da iri, shi ne ɗacin da kika ji. Karas kuma irinsa yana son ƙasa mai laima har kusan mako biyu kafin ya tsiro, alhali a bazara kina ba da ruwa, kafin ki gama shara saman ƙasar ya bushe ƙayau. Duka ukun kayan sanyi ne. Ki duba masu lambun Tadis, ko na bakin tafkin Tabalak, ko manoman albasar Galmi: damina na ɗaukewa, wajen Oktoba, suke zuba iri, su yi dashe a Nuwamba, su ci moriyar hunturu har zuwa Fabrairu da Maris. Waɗannan 'yan watannin su ne na tumatir da salati da kabeji da karas da albasa.

Yanzu da ruwa ya sauka, akwai abin da za ki shuka ki ji daɗi. Kuɓewa, yakuwa, rama, alayyafo, lalo. Waɗannan namu ne, sun san ranarmu. Alayyafo cikin mako uku zuwa huɗu kin fara yanka, ki bar gindin ya sake tohowa. Kuɓewa wajen wata biyu ta fara ba ki, in kin sami irin 'yar Ƙonni ma ya fi, gajeruwa ce mai saurin haihuwa. Ki jiƙa irin ya kwana cikin ruwa, ki sa uku a rami, in sun fito ki bar biyu masu ƙarfi. In ta fara 'ya'ya ki riƙa tsinka duk bayan kwana biyu, domin in kika bar su suka ƙosa, uwar sai ta daina fure. Ni duk wanda ya ce min yau zai fara lambu, da waɗannan nake cewa ya fara, saboda hannu yana sabawa, kuma zuciya tana samun ƙarfi in aka ga ganyen gida cikin tukunya.

Amma kafin ki haƙa komai, ki zauna ki yi lissafin ruwa, don a Tahoua nan ne lambu ke rayuwa ko ya mutu. Ruwan samanmu bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, shi ma cikin wata uku zuwa huɗu, sauran duk daga famfo ne ko daga bido. Fili mai tsawon mita ɗaya da faɗin mita ɗaya yana shan lita 5 zuwa 8 kowace rana in ba damina, gwargwadon zafi da iska. Ke nan bido mai lita 25 ba zai riƙe miki fiye da fangali ɗaya mai mita uku zuwa biyar ba. Ki tambayi kanki bido nawa za ki iya ba lambun kullum, har ranar da famfo ya ɗauke, sannan ki yanka fili daidai da haka. Fangali biyu da ake ƙosar da su sun fi shida da ake yayyafa musu. Ruwan alwala da na wankin shinkafa da na ɗaurayar ganye duk ki tara, suna da amfani. Ruwan omo da na bilic kuwa kar ya kusanci kayan miya. Ki ba da ruwa da sassafe ko da la'asar sakaliya, a gindi, ya shiga ƙasa sosai. Ki tura yatsa, in kin ji laima har gaɓa ta biyu, ya isa. Sannan ki rufe ƙasar da busasshiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, ki ɗan ja shi baya daga jikin shukar saboda gara.

Ƙasar gidajenmu kin san ta, wani wuri yashi zalla, wani wuri tsakuwa da jar ƙasa mai tauri. Ki haƙa zurfin kamu biyu, ki tsince duwatsu da leda, ki gauraya da takin awaki ko na tumaki, kamar bokiti ɗaya a kowace mita. Sharaɗin shi ne takin ya ruɓe. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake, yana jawo gara, yana zuwa da irin ciyawa, kashin kaji ma ya fi kowanne zafi. Ki yi rami a lungu, ki riƙa zuba sharar garke da ɓawon kayan miya da ɗan toka, ki jiƙa, ki rufe da tsohon buhu, ki juya duk bayan mako biyu. Cikin wata biyu zuwa uku zai yi baƙi, ya yi laushi, warin ya tafi, ki damƙa ki ji ba zafi. In kika fara yanzu, Oktoba na zuwa kina da takinki. Da rani fangalin ya zama mai ɗan zurfi don ya riƙe ruwa, da damina kuma ki ɗaga shi. In tsakar gidan siminti ne, ko haya kike, buhun shinkafa da aka huda gindinsa yana ɗaukar tumatir ɗaya lafiya lau, tsohuwar taya kuma ta isa salati da na'a-na'a.

To ga tumatir ɗin da kike so. Farkon Oktoba ki zuba iri a ƙaramin wuri mai laushi, ki rufe da ƙasa kaɗan, ki yi masa rumfar zana. Ki lulluɓe da yagaggen gidan sauro, domin ƙadangaru da kaji da tsuntsaye ba sa barin ɗan tsiro, kuma yana tare farin ƙuda, wannan ɗan mitsitsin da ke tashi fur in kika girgiza ganye. Shi ke kawo cutar da ke nannaɗe ganyen tumatir ya tsumbure, kuma in ta kama ba magani, sai tugewa. Bayan mako uku zuwa huɗu, ya yi ganye huɗu ko biyar, ki dasa da yamma, santimita 40 zuwa 50 tsakani, ki shayar nan take. Ki kafa masa sanda ki ɗaure da tsumma. In ya fara 'ya'ya kar ki yi masa yau ruwa gobe babu, shi ke sa gindin tumatir ya yi baƙi ya ruɓe. Karas ba a dasa shi, inda zai zauna ake shuka shi, a gauraya irin da yashi, a rufe da buhu mai laima har ya tsiro.

Albasa kuwa, ra'ayina daban ne da na mutane da yawa. Muna zaune a ƙasar albasa, in kaka ta yi arha take a kasuwa, ga shi tana cin wata huɗu tana shan ruwanki. Ki shuka kaɗan don lawashi kawai. Ruwanki ki kashe shi a kan abin da ke yaushi tun kafin a iso da shi gida, irin su salati da alayyafo da na'a-na'a. In za ki sayi iri ki duba kwanan watan da ke jikin leda, musamman na albasa da ba ya wuce shekara da ƙarfinsa. Wanda aka rubuta F1 kuma, wato irin da aka samu ta hanyar haɗa iri biyu, kar ki ajiye irinsa, 'ya'yan ba sa biyo uwa.

Maganar ƙwari ita ce ta fi damuna. Ina roƙonki, kar ki fesa fiya-fiya ko wani magani marar takarda a kan ganyen da yaranki za su ci, balle salati da ake ci ɗanye. Kowace safiya ki ɗaga ganye ki duba bayansa. Tsutsa ki cire da hannu. In kin ga ganyen tumatir ya yi fari-fari kamar an ƙwaƙule cikinsa, tsutsar Tuta ce, wadda ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016, mu ma tana nan. Ki tsinke ganyen ki ƙona. Sannan ga dogon yaro a kowace unguwa: busassun 'ya'yansa rabin kilo, ki daka, ki jiƙa a lita 10 na ruwa ya kwana, ki tace da ƙyalle, ki narka ɗan sabulu a ciki, ki fesa da yamma sama da ƙasan ganye, sau ɗaya a mako. Ba ya kashewa nan take, hana su ci yake, don haka tun kafin su yi yawa ake farawa. In kin tuge kuɓewa ko tumatir kika ga saiwar ta yi ƙulle-ƙulle, kar ki maimaita su a wurin, ki sa albasa ko ki bar fangalin ya sha ranar bazara.

Itace kuma yanzu ne lokacinsa, da damina. Ki fara da zogale biyu ko uku a jikin katanga. In ya kai ƙugunki ki datse kansa ya yi rassa, in ba haka ba zai miƙe ya fi ƙarfin hannunki. Gwanda tana haihuwa cikin shekara guda, amma akwai namiji akwai mace, sai sun yi fure ake ganewa, don haka ki bar uku ko huɗu, kuma kar ruwa ya kwanta a gindinta. Lemun tsami yana zama a ƙaramin gida. Wanda na fi so miki shi ne magarya mai aure, wadda ake ce wa Pomme du Sahel, cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yi aiki sosai wajen yaɗa ta. Gindinta magaryar dajinmu ce, shi ya sa take jure ƙishirwa, 'ya'yan kuma manya ne masu nama. Ki dai riƙa cire duk reshen da ya toho a ƙasa da wurin auren, in ba haka ba magaryar daji za ta ƙwace. Mangwaro ban ba ki shawara ba in gidan ƙarami ne. Mai aure ma sai shekara uku zuwa huɗu, yana son ruwa da yawa, kuma in ya girma inuwarsa za ta hana ki lambun. Kowane ɗan itace ki kewaye shi da tubali ko waya tun ranar dashe, akuya ɗaya ta shigo da rana ta gama da shi.

Ki faɗa min ko ruwan famfo kike da shi ko na saye, da kuma awa nawa rana ke bugun wurin, don kayan lambu suna son aƙalla awa biyar zuwa shida. In kin turo hoton tsakar gidan zan nuna miki inda ya kamata fangalin ya zauna. Allah ya sa albarka.