Tambayi Anti Likita: Wai sai an yanke muƙamuƙin ɗana an sa ƙarfe

Jama'ar Zango assalamu alaikum, barkanmu da wannan mako. Saƙonni sun taru akan muƙamuƙi da haɓa, sai na zaɓo guda huɗu na amsa su tare. Abinda na lura dashi, masu buƙatar aikin da gaske sune ke jan ƙafa, waɗanda ƙashinsu lafiya ƙalau kuma sune ke gaggawar zuwa a yanka su. Kamar kullum bama sa sunan kowa.

TAMBAYA: Anti Likita dan Allah ki bani shawara kaina ya kulle. Ɗana ne ɗan shekara 24 yana koyon gyaran mota a Suame Magazine, unguwar makanikai ta Kumasi, kumatunsa na hagu ya daɗe a kumbure amma baya ciwo, mun ɗauka haƙori ne aka cire bai sace ba, mukayi na gida, shafi da hayaƙi da rubutu, wasu ma sunce jifa ne. Yanzu munje Gee (asibitin Komfo Anokye) sun ɗauki hoto sun yanki ɗan nama sun gwada, sunce ba kansa (ciwon daji) bane amma wai sai an yanke ƙashin an sa ƙarfe kuma a ɗebo wani ƙashin daga jikinsa. Babansa yace bai yarda ba, tunda ba kansa bane yankan na menene. Ni kuma tsorona kar ya gurgunce, kuma wa zai bashi mata. Wata uwa daga Aboabo.

AMSA: Wa alaikumus salam Mama, sannu da ɗawainiya, Allah ya bashi lafiya. Ki ɗauko takardar gwajin ki duba, yadda kika siffanta abin nan yafi kama da ƙarin da ake kira amilobilastoma, wanda muna yawan ganinsa a Afirka ta Yamma. Asalinsa daga ragowar ƙwayoyin da suka gina haƙori ne tun yaro na ƙarami, kuma kusan kashi 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, can baya wajen turame. Baya ciwo da farko, shiyasa mutanenmu suke zama dashi shekara da shekaru, shi kuwa yana can yana cin ƙashin daga ciki yana bunƙasa shi, haƙora su fara girgiɗi, har ƙashin yayi siriri ya kai in likita ya danna da yatsa sai aji yana ƙara kamar ɓawon ƙwai.

Maganar Baba ba shirme bace, tambaya ce mai kyau, ki gaishe shi ki bashi wannan amsar. Gaskiya ne ba kansa bane, ba kasafai yake tafiya wani sashen jiki ba. Amma baya tsayawa inda yake, kuma yana kutsawa cikin ƙananan ramukan ƙashi nesa da inda ido ke gani, toh in aka buɗe aka kankare kawai aka rufe sau da yawa dawowa yake, kuma in ya dawo aikin yafi na farko girma. Dalilin kenan da ake yankewa harda ƙashi mai lafiya kamar santimita 1 zuwa 1.5 ta kowane gefe. Akwai wani nau'insa ƙarami mai aljihu ɗaya da akan iya kwashewa ba tare da yanke ƙashi ba, amma tunda sun ga hoto sun ga gwaji sukace yanka, nasa ya wuce nan.

Ƙarfen da kike jin tsoro titaniyom ne, ba irin wanda ɗanki yake dukawa a Magazine ba. Baya tsatsa, jiki baya ƙinsa. Wani likita ɗan Suwidin mai suna Brånemark ne ya gano ƙashi yana manne masa, ya fara dasa wa mutum haƙori dashi a 1965, kinga ba sabon abu bane da za'a ce gwaji akeyi da ɗanki. Ana lanƙwasa faranti siriri daidai da zubin fuskarsa a ɗaure da ƙananan kusoshi a ƙashin da ya rage. Sai dai ƙarfe shi kaɗai baya ɗorewa, da tauna da magana yau da gobe yakan karye ko ƙusa ta saki ko ya ɓullo ta fata, kuma ba'a iya dasa haƙori a kansa. Shi yasa ake neman ƙashi mai rai. In giɓin bai wuce kamar santimita 6 ba akan ɗebo daga ƙugu, wani lokacin daga haƙarƙari. In ya wuce haka wanda yafi shine siririn ƙashin ƙwauri na waje, a ɗauko shi harda jijiyoyin jininsa a ɗinka su da na wuya da madubin ƙara girma, aikin yakan cinye yini guda, tun 1989 ake amfani dashi wajen gina muƙamuƙi kuma ana iya samun tsawon da ya kai santimita 25. Ba kowane asibiti ke yinsa ba, dan haka ki tambaye su kai tsaye wanne zasuyi, kuma rana ɗaya za'ayi duka ko sai an dawo.

Batun gurguncewa ki kwantar da hankalinki. Babban ƙashin ƙwauri ne ke ɗauke da kusan duk nauyin mutum, kuma ana barin wani yanki na siririn sama da ƙasa dan idon sawu ya tsaya. Zai ɗingisa na ɗan lokaci, zai koma tafiya. Abinda bazan ɓoye miki ba, jijiyar dake sa leɓen ƙasa jin taɓi ta cikin ƙashin nan take bi, in an yanke ƙashin ita ma ta tafi, leɓensa da haɓarsa ta ɓangaren zasu zama kamar ba nasa ba, koko zai iya zuba bai sani ba sai ya saba. Kwanakin farko ta roba a hanci zai ci abinci, daga nan koko da aka tace, fura mai ruwa, romo, tuwo mai laushi da miyar kuɓewa. Tsire da ƙanzo sai an kwana biyu. Taba da shisha kuwa babu su sam, suna kashe ƙashin da aka dasa. Haƙora sai ƙashin ya kama, bayan watanni. Sannan zai riƙa komawa ana duba shi shekaru, dan ƙarin nan yakan iya dawowa ko bayan shekara 10.

Aure kuma Mama, tabo ne a ƙarƙashin muƙamuƙi wanda gemu ke rufewa. Fuskar da za'a bari ta cigaba da kumbura har bakin ya karkace ita ce abin tsoro. Kuyi addu'a da rubutunku babu mai hanawa, amma ranar da aka baku karku ɗaga. Kuje da katin inshorar lafiya kuce a rubuta muku abinda ya biya da abinda bai biya ba, musamman farantin da kusoshin, ku san abinda zaku tara tun yanzu.

TAMBAYA: Anti ni shekarata 22 ina saida atamfa da leshi a TikTok, haɓata ƙarama ce ta shige ciki, in na juya gefe a bidiyo bana son ganin kaina wlh. Na ga talla a Instagram ana sa roba a haɓa a Turkiyya, akwai kuma wata a nan Kumasi da take allura a shagonta tace minti goma an gama. Wanne yafi? Wata budurwa daga Asawase.

AMSA: Ƙanwata na shagon dai cire shi daga lissafi tun yanzu. Allurar cika fuska ta gaskiya akwai ta, likita ke yi, takan ɗauki shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi jiki ya shanye, kuma akwai maganin narkar da ita in an samu matsala. Wadda ake yi a bayan labule baki san me ke cikin sirinjin ba, in ruwan silikon ne baya fita, sai yayi ƙulli ya riƙa yawo a ƙarƙashin fata, in kuma allurar ta shiga jijiyar jini fatar wajen mutuwa take.

Kafin maganar roba tsaya gaban madubi ki haɗa turamenki. In haƙoran ƙasa sun tsaya can baya da nisa daga na sama, ko kina minshari sosai, toh ba haɓa bace kaɗai, muƙamuƙin ne gaba ɗaya ya koma baya, roba zata ɓoye abin ne kawai. Wannan aikinsa wayar haƙori ce ta shekara ɗaya ko fiye sannan a yanka ƙashin a jawo shi gaba. In haƙora sun haɗu daidai hanya biyu ce, ko a sa dashe na silikon ko na wata roba mai ƙananan ramuka da nama ke shiga ciki, ko a yanka ƙasan haɓarki a zame shi gaba a ɗaure da titaniyom, naki ne babu baƙon abu mai yawa. Dashen yafi sauƙi da sauri, amma yakan goce gefe, yakan yi mugunya har sai an ciro shi, na silikon kuma a hankali yakan lotsa ƙashin dake ƙarƙashinsa. Duka biyun suna iya taɓa jijiyar leɓe. Mu baƙar fata ga ƙarin lissafi, in kina da tabo mai tasowa irin wanda ke fitowa bayan hujin kunne, yanka ta ƙarƙashin haɓa ba naki bane, sai ta cikin baki, ita kuma sai an kula da tsabtar baki sosai.

Turkiyya akwai ƙwararru, amma tallan baya faɗa miki wa zai duba ki in abin ya kumbura bayan kin sauka Accra. Inshorar lafiya ta ƙasa bata biyan aikin kwalliya, daga aljihunki ne, na gyaran ɓarna ma haka. Duk wanda zai taɓa fuskarki a Ghana ki tabbatar yana da rajista da hukumar likitoci da likitocin haƙori. Ra'ayina kuwa tunda kin tambaya, kyamarar gaba ta waya in tana kusa da fuska tana ƙara girman hanci ta rage haɓa, ki sa wata ta ɗauke ki daga nesa kamar taku uku, ki bar maganar ta kwana wata shida, in har yanzu tana damunki kije sashen tiyatar baki da fuska a auna ki.

TAMBAYA: Hajiya Likita, shin wannan ba canza halittar Allah bane? Kuma in mutum ya rasu da ƙarfe a jiki sai an cire kafin a binne? Wani dattijo daga Alabar.

AMSA: Baba Alhaji ina gaisuwa. Fatawa ta malamai ce, amma ga abinda na karanta a wajensu. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa yayi wari, sai Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Da wannan malamai ke kafa hujja cewa mayar da gaɓa yadda take bayan ciwo ko hatsari, ko gyara lahanin haihuwa, magani ne. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ma haka ta yanke a zamanta na Malesiya a 2007, ta halatta na larura da buƙata, ta hana wanda akeyi dan canza halitta mai lafiya saboda son rai ko kwaikwayon wasu, ayar da tayi maganar canza halittar Allah ita ce ta 119 cikin Suratun Nisa'i. Na yaron Aboabo babu ko tantama. Na ƙanwata ta Asawase shine ke buƙatar zama da malami bayan likita ya faɗi ko lahani ne ko a'a. Cirewa daga gawa kuwa ba'a yi, hadisi ya nuna karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye, da farantinsa ake masa sutura.

TAMBAYA: Anti na faɗi da pragya (keke mai ƙafa uku) wajen Aboabo kusan wata biyu, na bugu a haɓa, mai ɗori ya ɗaure min da ƙyalle. Ciwon ya tafi amma haƙorana basa haɗuwa, ko waakye (shinkafa da wake) bana iya taunawa sosai. Zai daidaita da kansa? Wani direba daga Sawaba.

AMSA: Ɗana bazai daidaita ba, ƙashin ya riga ya kama a karkace. Muƙamuƙi cikin sati 4 zuwa 6 yake haɗewa, kuma ba'a ɗora shi da ido kamar hannu, haƙora ne ma'auninsa, shiyasa a asibiti ake fara haɗa haƙoran sama da na ƙasa da waya sannan a sa faranti. Bugun haɓa kuma sau da yawa yana karya wuyan ƙashin can gaban kunne, inda mai ɗori bazai gani ba, in aka bar shi wani har bakinsa ya daina buɗuwa. Ana gyarawa, sai dai yanzu sai an sake raba ƙashin an daidaita an ɗaure, bayan nan zakayi makonni kana cin abu mai laushi, dan haka ka nemi wanda zai riƙe maka keken. Kaje asibitin da ke kusa da kai a baka takardar turawa zuwa Komfo Anokye cikin satin nan, kace hoton muƙamuƙi gaba ɗaya kake buƙata harda gaɓoɓin gaban kunne biyu.