Katanga ko Malami: Ina Ya Kamata Kuɗin Firamare Ya Fara Zuwa?

TAMBAYA: Malama, ɗana yana aji uku a firamare, su fiye da tamanin ne a hannun malami ɗaya, har yau bai iya haɗa baƙi ba. Bana an yi wa makarantar fenti da sabuwar katanga, amma ba a ƙaro malami ko ɗaya ba. Ba mu da halin makarantar kuɗi. Ni ce ban gane ba, ko kuwa an kai kuɗin inda bai dace ba?
Daga wata uwa.

AMSA: 'Yar'uwa, kin gane sarai. Na daɗe da alli a hannu, na kuma riƙe irin wannan aji. Kafin in gama kiran suna rabin darasi ya tafi. Wanda ke da mai duba masa littafi a gida yana tsira. Ɗan talaka kuwa sai ya yi shiru a bayan aji, shekara ta ƙare ban ji muryarsa ba. Wannan yana damuna har yanzu.

An gwada tasirin yawan yara a aji a jihar Tennessee ta Amurka daga 1985. Aka raba ƙananan yara, wasu a aji mai 13 zuwa 17, wasu a mai 22 zuwa 25. 'Yan ƙaramin aji suka yi gaba, kuma 'ya'yan marasa hali ne suka fi cin moriya. To ina ga tamanin? UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ce duniya na buƙatar ƙarin malamai miliyan 44 kafin 2030, miliyan 15 daga ciki a Afirka kudu da Sahara.

Katanga tana da amfani, tana kare yara. Sai dai gini ana ganinsa ranar buɗewa, albashin malami kuwa nauyi ne na kowane wata, shi ya sa hukumomi ke kauce masa. A ganina malamai ne farko, ƙwararru, a tura su aji ɗaya zuwa uku, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Sannan kuɗi ya bi yaro mabuƙaci. Ingila tun 2011 take ba makaranta ƙarin kuɗi a kan kowane ɗan talaka da ke cikinta, kuma dole makarantar ta bayyana yadda ta kashe.

Kada ki jira. Ki samu shugaban makaranta cikin mutunci, ki roƙa a ware waɗanda ba su iya karatu ba, a ba su awa ɗaya kullum daidai matakinsu, kamar yadda ƙungiyar Pratham ke yi a Indiya. A taron iyaye da malamai kuma, ku rubuta yawan yara da yawan malamai, ku sa hannu, ku kai wa hukumar ilimi.