Injin 3D Zai Iya Ƙera Bam Ɗin Nukiliya?

Tambaya: Ni maƙeri ne a Suame Magazine, unguwar maƙera da kanikawa a Kumasi, Gana. Na ga bidiyon injin 3D yana shimfiɗa garin ƙarfe, hasken leza na narkar da shi sahu-sahu har kayan inji ya fito. Wata rana wani ba zai ƙera bam ɗin nukiliya da shi a bayan shago ba?

Amsa: Malam, ta wannan gefen kwantar da hankalinka. Injin siffa kawai yake ba ƙarfe, ba ya haifar da sinadarin bam. Yuraniyom da ake haƙowa, kashi 0.7 cikin ɗari ne kaɗai nau'in 235 da ake nema, bam kuwa sai an tace shi ya kai wajen kashi 90. Tacewar na buƙatar ɗaruruwa ko dubban bututu masu juyi da gudun fitar hankali, kuma kai ka san ƙarfen da ke juyi: ɗan ramin iska a cikinsa ya isa ya tarwatsa shi.

Abin da ke hana ni barci daban ne. Tsaron da duniya ta gina tun 1975, da aka kafa ƙungiyar ƙasashe masu sayar da kayan nukiliya, ya dogara ne kan kama kaya a hanya. Haka asirin Abdul Qadeer Khan, masanin nukiliyar Pakistan da ya riƙa sayar da fasahar tace yuraniyom a ɓoye, ya tonu: a Oktoban 2003 aka tare jirgin ruwan BBC China ɗauke da sassan bututun da aka ƙera a Malesiya, za a kai wa Libiya. Kwantena ce, aka buɗe, aka gani da ido. To idan zanen ya bi intanet aka ƙera a can fa? Jami'in kwastam a tashar jirgin ruwan Tema me zai buɗe? Shi ya sa nake ganin dole a sa ido kan masu sayen manyan injinan da garin ƙarfe na musamman, ba a matsa wa masu sana'a irinku ba.

Maganin da ya fi ƙarfi dai shi ne tsare sinadarin kansa, kuma Gana ta yi abin a yaba. Ƙaramar tukunyar nukiliya ta bincike da ke Kwabenya, Accra, da yuraniyom mai kusan kashi 90 take aiki a da. A 2017 aka sauya mata mai kashi 13, tsohon kuma aka ɗora shi a jirgin sama aka mayar wa Sin.