Farantin ƙarfe a filin harbi: wane iri, kuma daga wane nisa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da lasisin bindiga, ina kuma da bindigar iska da nake koya wa ƙanena saiti da ita. Takardar da muke harbi a kai tana saurin ƙarewa, shi ya sa nake so mai walda ya yanko mini faranti daga tsohon ƙarfe mu riƙa harbi a kai. Akwai hatsari?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Na ji daɗi da ka tambaya tun kafin ka je wurin mai walda, domin hatsarin yana cikin ƙarfen da kake shirin sayowa.

Mutane da yawa suna zaton ƙarfe mai tauri ne ke dawo da harsashi. Ba haka ba ne, mai laushi ya fi mugunta. Idan harsashin dalma ya daki faranti mai tauri wanda fuskarsa take sumul, tarwatsewa yake yi, ɓarɓashin ya fantsama gefe da gefe yana bin fuskar farantin. Amma ƙarfen gini ko na ƙofa lotsawa yake yi. Harbi ɗaya, sai ka ga ɗan rami. Harsashi na gaba da ya faɗa cikin ramin nan, kwarmin zai juyo da gutsattsarinsa zuwa inda ya fito, wato fuskarka. Shi ya sa masu ƙera farantin harbi suke amfani da ƙarfen da ake kira AR500 ko AR550, lambar tana nuna taurinsa ne. Kaurin milimita 6 ya ishi yawancin ƙananan bindigogi, doguwar bindiga kuwa tana son kusan milimita 10.

Ko ka samu ƙarfen kirki, wutar walda tana kashe taurinsa a inda ta taɓa. Don haka kada a yanka shi da wutar gas, kada a cike rami da walda. Farantin da ya yi rami, ko ya tsage, ko ya lanƙwashe, ya gama aiki. Sipirin mota, faifan garma, tsohuwar tukunyar gas, duk ka manta da su.

Sai ratayewa. Kada ka kafe shi ƙyam. Ka rataye shi da sarƙa yadda zai yi lilo, samansa ya ɗan sunkuyo wajenka kamar digiri 20, don ɓarɓashi ya nufi ƙasa. Ƙasan ma ta zama yashi, ba siminti ko tsakuwa ba. A bayansa a samu tudun ƙasa mai tsawo, domin duk gwanintar mutum wata rana zai kuskure. Kada kowa ya tsaya daura da farantin, ko da nesa ne, can ɓarɓashin yake tafiya.

Maganar nisa, dokar IPSC, wata ƙungiyar gasar harbi ta duniya, ba ta yarda a matsa kusa da ƙarfe fiye da mita 7 da ƙaramar bindiga ba, ko mita 50 da doguwa. Masu ƙera faranti sukan ce yadi 10 da yadi 100. Ni na biyun nake bi, kai ma shi nake ba ka shawara.

Harsashin da ke da ƙarfe a cikinsa ba na wannan aiki ba ne. Ka kara masa mayen ƙarfe a kai. In ya kama, ajiye shi. Irinsa yana ɓata faranti, yana kuma tayar da tartsatsi, ga busasshiyar ciyawar hunturu ba ta buƙatar fiye da haka.

Yanzu bindigar iska, wadda ta fi damuna saboda ƙaninka. Raina ta ake yi, alhali tana tsiyayar da ido. Ƙwayarta iri biyu ce. Ta dalma, irin mai milimita 4.5 da ake gasar mita 10 da ita a wasannin Olamfik, tana bajewa idan ta daki ƙarfe. Amma ƙwayar BB, zagayayyar nan ta ƙarfe, ba ta fashewa, ba ta bajewa, dawowa take yi kamar ƙwallo ta hanyar da ta bi. Kada a taɓa harba ta a kan ƙarfe, ko sau ɗaya. Ita ma ta dalmar, idan bindigar ba ta da ƙarfi, takan yi tsalle ta dawo daga katako mai tauri ko tayar mota. Ku tsaya aƙalla mita 10, in da hali ku sami akwatin tare ƙwaya mai karkataccen baya.

Kai da yaron da duk mai kallo, kowa ya sa tabarau na kariya mai rufe gefen ido, irin mai tambarin Z87.1 ko EN 166. Tabarau na gayu ba ya tare komai. In bindigar wuta ce a toshe kunne. Bayan an tashi a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci, domin dalma guba ce, ta fi kuma yi wa yara illa.