Tambaya da Amsa: Me ya sa fiyanona ba shi da kauri?

Malam, da FL Studio Mobile nake haɗa kiɗa a waya. Fiyanona siriri yake fita, ba kamar na kaset ɗin da ba. Ina mafita? Daga wani mai karatu a Zariya.

Ɗan'uwa, koras (Chorus), wani abin gyaran sauti, kunnenka yake nema. Yana kwafar sautin, ya jinkirta kwafin da kamar milisakan 20, ya riƙa ɗan karkaɗa shi sama da ƙasa, sannan ya gauraya da na asali. Sai ka ji tamkar mutum biyu ke bugawa.

Na da ɗin da kake so, irin na'urar koras ta Boss CE-1 ta 1976 da wanda ke cikin kibod ɗin Roland Juno-60 na 1982, ɓangaren da ke jinkirta sautin yana dusashe kaifinsa kaɗan. Daɗin nasu ke nan, ni dai har yau ban ji ya gundure ni ba. Don haka ka buɗe Chorus a manhajar, ka rage gudun karkaɗawar sosai, zurfin ya zama matsakaici, ka ɗan datse kaifin sautin.

Amma don Allah kada ka sa wa bes ko ganga, ƙarfinsu zai zube. Kuma ka saurara da iyafis, lasifikar waya ba za ta nuna maka faɗin da koras ke ƙara wa sautin ba.