Biri Ba Jari Ba Ne

Tambaya: Ina da shagon hatsi a Daura. Ɗan baffana ya ce in ba shi dubu ɗari takwas ya sayo 'ya'yan birai daga daji, har da ɗan gwaggon biri irin mai kama da mutum. Wai akwai mai saye a waje, za a fitar ta Kwangwalam, kan iyakar Nijar, riba ninki uku. Na riga na ba shi rabi. In cika?

Amsa: Alhaji, kada ka cika. Rabin ma ka nemi abinka tun yau.

Kuskurenka ɗaya ne: ka ba da kuɗi saboda ɗan baffa ne, ba ka ce ya nuna maka takarda ba. Ba zai nuna ba, don babu ita. Tun 1985 Najeriya ke da dokar kare namun dajin da ke fuskantar ƙarewa, aka gyara ta a 2016 aka ɗaga tara. Ƙasar kuma tana cikin yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, wadda ta hana kasuwancin manyan birai masu kama da mutum. Ƙananan ma ba su ƙetare iyaka sai da izinin gwamnatin tarayya. A Disambar 2024 an kama ɗan gorila a filin jirgin Istanbul, cikin kayan da aka ɗauko daga Najeriya zuwa Tailan. Waɗancan har jirgi suka samu, kai da Kwangwalam kake taƙama?

Buhun gero in kasuwa ta faɗi sai ka ajiye shi. Biri kullum sai ya ci, ya yi zawo, ya mutu a kwali. In kwastam suka kama, babu diyya. In ɗan baffan ya ce duk sun mutu a hanya, wace kotu za ka je? Ka gaya wa alƙali da bakinka kai ka zuba jarin?

Na san wani mai shago a Katsina da ya ɗaure jan biri a bakin ƙofa wai don jawo masu saye. Yara suka taru kam, ba mai sayen ko ashana. Rannan birin ya cafki yatsan yaron maƙwabci. Kuɗin allura da na ba da haƙuri suka cinye ribar wata uku, birin kuma ya rasa inda zai kai shi.

Ninki uku! Da gaskiya ne, da ɗan baffanka bai neme ka ba. Ka kira shi gaban babban gidanku, a rubuta dubu ɗari huɗun nan a matsayin bashi, da ranar biya da shaidu biyu. Kaka ta kusa, ka sayi wake da su.